Saƙonni tara na Dakta Mansur

Mansur ya rasu.

Ina tsugune a gaban boila, tukunyar tururin da ke ɗumama gininmu, da safen nan, hannuna duk baƙin mai, Isufu mai turare na Fordham Road ya kira ni. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Malam Haladu, in kana tsaye ka zauna. Dakta ya cika bayan asuba."

Na ce wane Dakta?

Na san wanne ne. Bakina ne kawai ya tambaya.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Waɗanda suka san ni a nan sun san ba na dogon rubutu. Ban yi boko ba. Da yatsa ɗaya nake danna harafi, shi ma ɗin Mansur ne ya zaunar da ni ya koya mini. Yau sai kun yi haƙuri da ni. Akwai maganar da na faɗa a kansa a gaban mutane, kuma a gaban mutane ya kamata in janye ta.

Ni ne supa, wato mai kula da wani gini mai hawa shida a Bronx. Shara, famfo, ƙwan lantarki, ɗumama gida lokacin sanyi, duk a kaina suke. Kafin in zo ƙasar nan na yi aikin tukunyar tururi a wata masaƙa a Kano har ta rufe. Ba wanda ya taɓa ba ni takardar shaida. Amma in na ɗora kunnena a jikin bututu, na san abin da ke damunsa.

Mansur ɗalibi ne lokacin da ya kama ɗaki a hawa na huɗu. Ɗan Funtuwa, siriri, da wata jaket da ko iskar Zariya ba za ta tare ba. Ranar farko ya ji ina zagin famfo da Hausa, ya leƙo ƙasan gini ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na daɗe ban ga yaro ya yi haka a garin nan ba.

Shi yake karanta mini wasiƙun asibiti.

Shi ya raka ni aikin ido, ya zauna a benci tun safe har la'asar da kwamfutarsa a cinya, ya riƙo hannuna har cikin bas.

Da ya yi aure ya kawo Rukayya, ba a taɓa yin miyar kuka a hawa na huɗu ba a sauko mini da kwano ba.

Ya gama karatu ya zama Dakta, yana koyarwa a wata jami'a, amma bai daina ɗaukar mini jakar shara in ya same ni a matakala ba. Nakan ce masa, "Dakta, ajiye, kar ɗalibanka su gani." Ya ce, "Su gani mana, Baba, su ma su koya."

Na sha tambayarsa wai shi likitan mene ne, tunda ko allura bai iya ba. Bayaninsa ba ya shiga kaina. Sai wata rana muna shan shayi a ƙasan gini na ba shi labarin kaset.

Shekarun farko da na zo, ba waya a hannun kowa. Kaset muke yi. In zauna in yi wa rikoda magana, in ba mai tafiya gida ya kai wa matata, Allah ya jiƙanta, ita ma ta yi ta aiko. Wani kaset ya zo tana kuka, ta ce babban ɗanmu Sani ya daina zuwa garejin da yake koyon aiki, ya shiga yawon banza. Na cika kaset gaba da baya da faɗa. Na ce ba ni ba shi.

Ban sani ba, nata kaset ɗin ya yi wata biyu a jakar wani kafin ya iso ni. Nawa ma ya yi wata biyu kafin ya isa. Ashe tuni yaron ya koma garejinsa, har maigidansa yana yabonsa. Aka tara gida aka kunna, ya ji ubansa yana masa baki a kan laifin da ya daɗe da bari. Ya tashi ya fita. Daga ranar ya lalace da gaske. Har yau in na kira shi, gaisuwa ce kawai tsakaninmu.

Mansur ya ajiye kofinsa ya ce, "Baba, ka san abin da ka faɗa yanzu shi nake karantawa shekara shida?"

Na ce to ashe a banza ka ƙetaro teku, da ka zo na koya maka a minti goma.

Ya yi dariya har da ƙwalla. Sannan ya ce yanzu injuna da yawa daga nesa ake tuƙa su, ta intanet. Ma'auni yana nan, kwamfutar da ke ba da umarni tana can wani gari. Labari yana tsufa a hanya, wani ma ya ɓace, wani ya zo da ƙarya a cikinsa. In mai ba da umarni ya ɗauki tsohon labari kamar na yanzu, sai ya yi gyaran da ya wuce kima, ya dawo ya gyara gyaran, abin ya yi ta lilo har ya ƙwace. Ya ce aikinsa abu biyu ne: ya tace labarin ya fitar da na gaskiya, ya kuma lissafa iyakar jinkirin da abu zai iya ɗauka kafin ya haukace.

"Kowane abu yana da iyakarsa, Baba," in ji shi. "Akwai mai jure minti ɗaya, akwai mai jure awa. Amma babu mai jurewa har abada."

Na ce ya sha shayinsa ya bar ni da wa'azi.

Bara kamfanin da ke kula da gininmu suka zo da sabon salo. Ba su tambaye ni ba. Shekara sha tara ina riƙe da boilar nan, ba su ga ya kamata su ce mini me ka gani ba. Suka manna ƙananan ma'aunin zafi a ɗakunan 'yan haya, kowanne yana aika labari wa wata kwamfuta da ke wata jiha, ita kuma ta aiko wa boila ta kunna ko ta kashe.

Gida ya rikice.

Da safe mutane su buɗe tagogi suna fifita, dusar ƙanƙara na zuba a waje. Da yamma su saka jaket a cikin ɗaki. Tsohuwar hawa na shida ta gano dabara, takan ɗaura ledar ƙanƙara a kan ma'auninta don a ƙara mata wuta. Na hawa na biyu kuma an manna nasa kusa da murhun girki, kullum ma'aunin cewa yake ana ƙuna. In tsohuwar ta ji sanyi sai ta ɗauki cokali ta yi ta ƙwanƙwasa bututu, ƙarar ta sauko har inda nake.

Ni kuma in na ji ƙwanƙwasa sai in tashi in kunna da hannu. In na ji an fara buɗe tagogi in kashe. Ni da kwamfuta muna ta ja, ita can ni nan.

'Yan haya suka kai ƙara. Manajan kamfani ya zo, wani saurayi mai ƙamshin turare wanda bai taɓa riƙe sifana ba. An gaya masa akwai malamin jami'a a ginin da ya san irin wannan, ya kira Mansur ƙasan gini. Ni ma ina tsaye.

Turancina na titi ne, amma kunnena ba ya ƙarya. Mansur ya duba takardu ya ce rabin matsalar jinkirin saƙo ne da ma'aunai masu ƙarya. Rabin kuma, ya ce, hannun Baba ne.

Manaja ya kalle ni ya yi 'yar dariya.

Ban ji sauran ba. Sun ci gaba da magana kusan rabin awa, ni kuwa kalma biyu ce take yawo a kaina. Hannun Baba.

Zan faɗi wannan ko da gawarsa tana kwance: bai kamata ya faɗa a gaban baƙo ba. Da ya ja ni gefe, da Hausa, ya ce Baba ga inda kake kuskure. Da na yi gardama, na sani, amma da tsakaninmu ce. Har yanzu ban canja ra'ayi a kan wannan ba. Sauran ne na canja.

Asabar uku ya yi a ƙasan gini yana haɗa wani ɗan akwati a jikin bango, tsakanin wayar intanet da boila. Ina zaune a kan bokiti na juya masa baya, shi kuma yana bayani kamar ina sauraro. Ya ce in ma'auni ɗaya ya ce ana ƙanƙara alhali maƙwabtansa biyar sun ce da ɗumi, akwatin ba zai gaskata shi ba. In labari ya makara, zai ƙiyasta inda zafin ya kai yanzu, ba inda yake ɗazu ba. In umarnin kwamfuta ya zo da gaggawa, zai sassauta shi.

"Abu ɗaya nake roƙo, Baba. In fitilar nan ta yi kore, ka sa hannunka a aljihu minti arba'in. Tururi yana buƙatar lokaci kafin ya hau sama. Ko ta ƙwanƙwasa, ka jira."

Na ce yaron da aka haifa bayan na fara aikin tururi ne zai gaya mini inda zan sa hannuna?

Da sanyi ya wuce su Mansur suka tashi, suka koma Tompkinsville, can ƙetaren ruwa, kusa da asibitin da Rukayya ta samu aiki. Motar kayansu ba ta kai kwanar layi ba na sauka na zare filogin akwatin.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi.

Na je teburin Isufu, inda muke zama ranar Lahadi, na ce Mansur munafuki ne. Na ce ya haɗa baki da kamfani don na'ura ta cinye aikina. Na ce ɗan boko ba shi da uba sai takardarsa. Ba sau ɗaya na faɗa ba. Ku da kuke wurin kun san kanku, wasunku suna karanta wannan yanzu, wasunku ma sun ɗauki maganar sun kai Harlem, inda muke sallar Juma'a.

Ina da wata ɗabi'a da duk wanda ya taɓa saɓa mini ya sani. In na yi fushi da mutum ba na toshe lambarsa. Toshewa rahama ce. Barinsa nake ya aiko saƙon murya, ya ga ya iso, ya ga ban buɗe ba. Alamar nan da take yin shuɗi in an saurara, ita nake hana shi. Haka na yi wa ƙanina shekara biyu. Haka nake yi wa Sani in ya ɓata mini.

Mansur ne ya koya mini saƙon murya, don ya san karatu yana ba ni wuya. Da shi na hore shi.

Saƙonni suka riƙa zuwa, ɗaya yau, ɗaya bayan wata. Ina ganin sunansa in kifa wayar. Isufu ya taɓa cewa, "Malam Haladu, an ce Dakta ba ya jin daɗin jikinsa fa." Na ce in ya ƙara kawo mini sunan yaron nan na daina zama a teburinsa. Bai ƙara ba.

Ganina na ƙarshe da shi a Harlem ne, bayan sallar Juma'a, farkon sanyin bana. Ina neman takalmina na ji an ce, "Baba, ina wuni."

Ya rame. Hula har kunne, kaftani yana lilo a jikinsa. Na ce a raina ai 'yan boko ne, sun fara gudun abinci don gayu. Ya durƙusa kamar yadda ya saba, sai da ya dafa bango kafin ya miƙe. Na gani. Kar wani ya ce ban gani ba.

Bakin yatsuna na ba shi.

Ya ce, "Yaya boila?"

Na ce, "Tana nan. Hannun Baba bai kashe ta ba tukuna."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Da tarin ya lafa ya ce, "Baba, ka saurari saƙonnina mana. Ko ɗaya."

Na ce in na samu lokaci.

"To Baba. Amma kar ka daɗe."

Rukayya tana cikin mota a ƙetaren titi tana kallonmu. Ta ɗago mini hannu. Na yi kamar bas nake hange.

Shi ke nan. Abin da na faɗa masa na ƙarshe a duniya ke nan, in na samu lokaci.

Da Isufu ya kashe waya ɗazu, na goge hannuna, na zauna a kan bokitin nan, na buɗe. Tara ne.

Na farko ban haƙuri ne, dogo. Ya ce ya gane ya yi kuskure da ya faɗa a gaban manaja, bakin malami ne ya riga hankalin ɗa.

Na biyu shi ne ya karya ni. Ya ce ranar nan manaja da takardar sallamata ya zo a jakarsa. Ya ce ya faɗi laifina ne don su yarda da sauran maganarsa, sauran maganar kuwa ita ce duk akwatin da za a sa, ba zai yi aiki ba sai da mutumin da ya san kukan bututun ginin, kuma mutum ɗaya ne ya sani. Rabin awar da na toshe kunnena, roƙo yake yi mini.

Na uku da dariya ya fara. "Baba, na san ka zare filogin. Ina gani daga nan, tun ranar da muka tashi akwatin ya yi shiru. Ba komai. In ka huce ga yadda za ka tayar da shi." Ya jera mini a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi wa wanda bai iya karatu ba ba tare da an nuna masa bai iya ba.

Akwai na barka da sallah. Akwai wanda ya ce Rukayya ta yi miyar kuka sun tuna ni.

A na bakwai ya ce likitoci sun ga ciwon daji a hanjinsa, sun ce an makara. Ya ce ya daɗe yana jin alama yana cewa sai ya gama zangon karatu. "Ka ga ni ma mai lissafin jinkiri," in ji shi, bai ƙarasa ba.

Na tara gajere ne. Muryar kamar daga cikin rijiya, ana jin na'urar asibiti tana ƙara a bayansa.

"Baba, ni ne. Ba sai ka zo ba, hanya da nisa, ga jirgin ruwa ga sanyi. Ka ce ka yafe mini kawai. Ko 'na ji' ka turo, ya ishe ni."

Kwana sha ɗaya ke nan da ya aiko. Ina tuna ranar. Ina cin gyaɗa na ga sunansa, na kifa wayar.

Ban san abin da ya shiga kaina ba, na danna na riƙe na ce, "Na ji, Mansur. Na yafe maka." Na sake shi ya tafi.

Ba a yi minti goma ba wayata ta yi ƙara da sunansa.

Rukayya ce. Muryarta a bushe, ba kuka. Ta ce, "Baba, na ga sun yi shuɗi."



Ta ce, "Kullum sai ya ce in duba masa. Jiya ma da yamma ya tambaya."

Na yi mata ta'aziyya yadda bakina ya iya. Sannan na tambayi abin da ke cina. Na ce 'yar nan, ki gaya mini tsakaninki da Allah, maganar da na yi a Fordham ta isa kunnensa?

Ina jin numfashinta.

Ta ce, "Baba, ana jirana. Za a fitar da shi zuwa wanka." Ta kashe.

To haka nake. A saƙonni taran nan ya nemi yafiyata sau huɗu, na ƙirga. Bai ce ya yafe mini ko sau ɗaya ba. Ko don bai san akwai abin yafewa ba, ko don ya sani yana jira in nema. Duk biyun ba wanda ya yi mini daɗi, kuma mai ba ni amsa ya tafi.

Don haka ku ji, ku na teburin Isufu da duk wanda maganar ta kai gare shi. Ƙarya na yi wa Mansur. Bai sayar da ni ba. Shi ya tsaya mini ranar da ban san ana shirin korata ba. Duk wanda ya ɗauki maganata ya kai wani wuri, don Allah ya ɗauki wannan ma ya kai wurin. Na san ba za ta je duk inda ta farkon ta je ba. Na san kuma ko ta je, ta makara.

Aikin ma da ya ceto mini, na zubar da shi da hannuna. Tunda na zare filogin gida ya koma lilonsa, 'yan haya suka koma ƙara. Wasiƙar kamfani ta zo watan jiya, Isufu ya karanta mini. In sanyin bana ya wuce, na gama. Ban yi musu ba, ba kuma zan roƙe su ba.

Bayan wayar Rukayya na tashi na mayar da filogin. Na kunna saƙo na uku na bi shi, yana faɗa ina yi, in na rikice in mayar da shi baya. Fitilar ta yi ja, ta yi ta ƙyaftawa, sannan ta tsaya a kore.

Ba a jima ba tsohuwar hawa na shida ta fara ƙwanƙwasa bututu. Hannuna ya tafi wajen makunni da kansa. Na janyo shi na ɗauki waya na fara wannan rubutun, don in ba shi aikin yi.

Ya ci mini fiye da awa uku.

Ta daina ƙwanƙwasawa tun ina labarin kaset. Na hau matakala ɗazu har sama, na dafa bututun kowane hawa. Ɗumi ɗaya daga ƙasa har sama. Ba taga ko ɗaya a buɗe. Shekara sha tara ban taɓa samun ginin nan haka ba.

Mansur ya yi gaskiya. Na sauko da gudu-gudu irin na tsoho, na ɗauki waya in gaya masa, sai na tuna a hannun wa tasa take.

In akwatin nan ya lalace gobe, ba wanda ya san cikinsa. Ni ma ba na nan balle in gani.

Bayan la'asar za a yi masa sallah. Zan je. A sahun baya zan tsaya, ban cancanci na gaba ba.

Ya Allah, Kai da saƙo ba ya makara a wurinKa, Ka isar masa da abin da na faɗa da safen nan. Ka jiƙan Mansur, Ka yalwata kabarinsa, Ka sanyaya masa makwanci kamar yadda ya ɗumama gidan da ya riga ya bari. Ka ba Rukayya da iyayensa haƙuri. Haƙƙinsa da ke wuyana, Ka sa ya sassauta mini ranar da za mu tsaya, don ni ba ni da abin da zan kare kaina da shi.

Duk wanda ya karanta har nan, ya karanta masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku, yanzu, kafin ya ajiye wayar. Ni kar ku damu da yi mini addu'a. Shi za ku yi wa.